C2C12 ko Sabuwar Tsoka: Wace Hanya Za Ka Bi Wajen Renon Ƙwayoyin Tsoka a Ɗakin Gwaji?

Duk ɗalibin da ya zo wurina da niyyar yin bincike a kan tsoka, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: "Malam, in sayi ƙwayoyin da aka riga aka shirya irin su C2C12, ko in ciro nawa daga jikin dabba?" Kafin in ba shi amsa nakan tambaye shi abin da yake son sani game da tsokar. Sau da yawa a nan hira take tsayawa, domin an riga an zaɓi hanya tun ba a tsayar da tambaya ba, wani don ya ga ana amfani da ita a ƙasar waje, wani don ita ce mai arha. Ni kuwa a ganina tambayar bincikenka ita ce ta farko, sai abin da ɗakin gwajinku zai iya riƙewa ba tare da yankewa ba na wata uku ko huɗu.

Bari mu fara da ƙwayar da ake nema. Tsokar da ke motsa ƙashi zare-zare ce, kowane zare kuwa doguwar ƙwayar halitta ce mai ɗaruruwan cibiyoyi, wato ɗakunan da ke ajiye bayanan gado, kuma ba ya rabuwa biyu ya hayayyafa. To idan tsoka ta ji rauni wa ke gyara ta? A 1961 Alexander Mauro, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, ya duba tsokar kwaɗo da madubin ilektiron ya ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a maƙale a gefen zare, tsakanin fatar zaren da wani siririn tantani da ya lulluɓe shi. Ya kira su ƙwayoyin satalayit, ni kuwa a Hausa nakan ce musu 'yan rakiya. A kwance suke, kamar masu barci. Da zarar an samu rauni sai su farka, su hayayyafa, su zama abin da ake kira mayobilas, daga nan su haɗe da juna su gina sabon zare, wasu kaɗan kuma su koma barci don gaba. A jikin babbar dabba ba su da yawa, 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari na cibiyoyin da ke jikin zare, amma a jaririn ɓera suna kai kusan kashi 30. Alamar da ake gane su da ita furotin ne mai suna Pax7, wanda ɗakin gwajin Michael Rudnicki a Kanada ya nuna muhimmancinsa a 2000. Idan sun farka sukan ƙara da MyoD, idan sun doshi zama zare sai mayojenin ya bayyana. Ka riƙe waɗannan sunaye uku, domin da su za ka tabbatar wa kanka da kowa cewa abin da ke cikin farantinka tsoka ce.

Ƙwayoyin da ba sa tsufa

A 1977 David Yaffe da Ora Saxel, a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, suka ciro ƙwayoyi daga tsokar cinyar ɓera bayan an murƙushe ta, suka yi ta renon su har suka samu zuriyar da ba ta daina hayayyafa. Suka sa mata suna C2. Daga baya ɗakin gwajin Helen Blau a Jami'ar Stanford ya ware wani reshe daga cikinta, shi ne C2C12 da ya cika duniya yau. Ana sayen sa a ma'ajiyar ATCC ta Amurka, ko a roƙa a wurin abokin aiki.

Sauƙinsa ba ya misaltuwa. Yana manne wa robar faranti ba sai an shafa mata komai ba. Ruwan renonsa DMEM ne da kashi 10 cikin ɗari na ruwan jinin tayin saniya. Yana ninka kansa cikin ƙasa da kwana ɗaya. Idan kana son ya zama zare, ka bari ya kusa cika faranti, ka sauya masa ruwa zuwa mai kashi 2 na ruwan jinin doki, cikin kwana uku zuwa biyar za ka ga dogayen bututu masu cibiyoyi jere a ciki. Ba ruwanka da kiwon ɓera, ba ruwanka da yanka, kuma kana iya samun miliyoyin ƙwayoyi a mako guda. Wanda ke son gwada sinadarai ashirin a matakai biyar-biyar, ko yake buƙatar furotin mai yawa don aunawa, ba shi da abin da ya fi wannan.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi: kada ka taɓa bari ya cika faranti lokacin da kake hayayyafa shi. Da ya rufe rabin faranti ko kashi biyu cikin uku, ka ɗaga shi da tirifsin, sinadarin da ke ɓamɓare ƙwaya daga roba, ka yi masa dashe, wato ka raba shi a sababbin faranti. Na koyi wannan da tsada. A shekarata ta farko na bar faranti biyu daga ranar Alhamis zuwa Litinin, na dawo na tarar sun cika maƙil, na yi musu dashe na ci gaba kamar ba abin da ya faru. Bayan mako uku sai na ga zarurrukan da nake samu sun koma 'yan guntaye, ƙwayoyi da yawa sun ƙi haɗewa. Abin da ya faru shi ne, waɗanda suka fi saurin zama tsoka sun riga sun daina rabuwa a wancan ƙarshen makon, sai na ci gaba da renon zuriyar masu taurin kai. Aikin wata biyu ya tafi, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Babbar matsalar C2C12 ta fi wannan zurfi. Dalilin da ya sa ba ya tsufa shi ne ya rasa wani birki na rabuwar ƙwaya, a sashen gadon da ake kira Ink4a/Arf, kuma adadin kuromozom ɗinsa ya sauya daga na ɓera lafiyayye. Saboda haka duk tambayar da ta shafi yadda ƙwaya ke barci, ko farkawa, ko tsufa, amsar da zai ba ka abin a yi taka-tsantsan da ita ce. Yana da saurin sauya hali ma: tun 1994 aka nuna cewa in an zuba masa furotin BMP-2 sai ya bar hanyar tsoka ya kama ta ƙashi. Sannan dukkansa daga ɓera ɗaya ya fito. In ka maimaita gwaji sau shida a kansa, dabba guda ka tambaya sau shida.

Ga wata magana ta musamman ga masu binciken ciwon suga, domin su ne suka fi yawa cikin masu tambayata, musamman masu gwada tsirrai irin su zogale da shuwaka. C2C12 ba ya amsa kiran insulin da ƙarfi wajen zuƙar suga, saboda furotin GLUT4 da ke shigar da sugan bai yawaita a jikinsa ba. Zuriyar L6, wadda Yaffe ɗin nan ya samar daga tsokar gafiyar gwaji a 1968, ta fi dacewa da wannan aiki, kuma renonta bai fi na C2C12 wuya ba. In zuƙar suga kake aunawa, da ita za ka fara.

Narka nama da sauya faranti

Hanya ta biyu ita ce a ciro ƙwayoyin kai tsaye daga tsoka. Tsarin da yawancin mutane ke bi a ɓera ya samo asali daga aikin Thomas Rando da Helen Blau na 1994. Ana ɗebo tsokar ƙafafu, a cire kitse da jijiya, a daddatsa ta da almakashi har ta koma kamar niƙaƙƙen nama, a zuba mata enzayim biyu masu narka abin da ke ɗaure nama, kolajines da disfes, a ajiye a ɗumin digiri 37 na kamar awa ɗaya ana motsawa. Daga nan a tace da rariya mai ido maikiron 70, a sake da mai 40, a juya a injin santirifuj, a tattara ƙwayoyin da suka kwanta a ƙasa.

Abin da ka samu a nan gauraye ne. Akwai 'yan rakiya, akwai ƙwayoyin jini, akwai na hanyoyin jini, sannan ga abokan gaba, wato faibirobilas, ƙwayoyin da ke saƙa naman da ke ɗaure tsoka. Su ne ciyawar wannan gona. In ka ƙyale su mako guda za su mamaye faranti.

Dabarar raba su ta dogara da hali guda: faibirobilas na saurin manne wa roba, mayobilas kuwa yana jinkiri. Sai ka zuba gaurayen a farantin da ba a shafa wa komai ba, ka jira minti talatin zuwa awa ɗaya, ka zuƙe ruwan sama a hankali da ƙwayoyin da ba su zauna ba tukuna, ka mai da su farantin da aka shafa wa kolajin, furotin ɗin da ke ɗaure nama. A duk dashen da za ka yi ka maimaita haka. Ruwan reno ma yana taimakawa: Ham's F-10 da kashi 20 na ruwan jinin tayin saniya, da ɗan furotin bFGF mai zaburar da hayayyafa, ya fi yi wa mayobilas daɗi fiye da faibirobilas. Akwai kuma dabarar hannu da ake koya a bakin benci: mayobilas ɗin ɓera ba ya kama faranti da ƙarfi, don haka in ka zuba ruwan gishirin PBS kawai ka ɗan bubbuga gefen farantin, shi zai fara tashi ya bar faibirobilas a manne.

A madubi bambancinsu a fili yake in ido ya saba. Mayobilas ɗin ɓera ƙanana ne, a dunƙule, suna sheƙi kamar an watsa ƙwayar gero. Faibirobilas kuwa a baje suke, faffaɗa, masu duhu-duhu da hannuwa a miƙe. Amma kada ka tsaya ga ido. Ka rina su da antibodi, wato sinadarin da ke kama wani furotin takamaimai ya nuna shi, na desmin (shi ma furotin tsoka ne) ko MyoD ko Pax7, ka ƙirga filaye biyar ko goma, ka rubuta kaso. Mai duba aikinka zai tambaya, kuma yana da gaskiya.

Ranar da na fara ganin zarurrukan da na rena da wannan hanya suna motsi ba zan manta da ita ba. Kwana uku da sauya musu ruwa, na ɗora faranti a madubi da sassafe, sai na ga wani siririn zare a kusurwa yana ɗan zillo, ya tsaya, ya sake. Ba jijiya, ba ƙwaƙwalwa, ba abin da ya taɓa shi. Na daɗe a zaune ina kallo ina tasbihi. C2C12 ma yakan yi haka wani lokaci, amma sababbin ƙwayoyi sun fi shi saurin kai wa nan, kuma sun fi kama da tsokar gaskiya.

Abin da za ka biya a wannan hanya lokaci ne da haƙuri. Kafin ka samu faranti mai tsabta sai ka yi mako biyu ko uku. Ƙwayoyin suna da tsirfa: in sun yi kaɗan a faranti su ƙi girma, in sun yi yawa su fara haɗewa. bFGF yana lalacewa da wuri a ɗumi, dole a riƙa sabunta shi. Kana buƙatar izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji. Kuma ka sani cewa bayan waɗannan makonni abin da ke hannunka mayobilas ne da suka daɗe a farke a kan roba, sun yi nisa da 'yan rakiyar da ke kwance a jiki. In kana da zaɓi, ka fara koyo da jariran ɓeraye na 'yan kwanaki, domin ƙwayoyinsu sun fi yawa kuma namansu ya fi saurin narkewa.

Duk da haka, ga yawancin ɗaliban digiri na biyu da na uku, wannan ce hanyar da na fi ba da shawara a matsayin abokiyar C2C12. Ka yi gwaje-gwajenka masu yawa a C2C12, sannan ka ɗauki sakamako biyu ko uku mafi muhimmanci ka maimaita su a ƙwayoyin da ka ciro daga ɓeraye uku ko huɗu daban-daban. In sun yi daidai, maganarka ta samu ƙafar tsayawa.

Akwai wata 'yar'uwar wannan hanya da ba ta buƙatar enzayim: a yanka tsoka ƙanana-ƙanana a ɗora a farantin da aka shafa, a jira kwanaki ƙwayoyi su rarrafo da kansu. Tana da amfani in naman kaɗan ne ko enzayim ya yanke, amma faibirobilas ma suna rarrafowa, sai an koma ga sauya faranti.

Zare ɗaya da 'yan rakiyarsa

Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ita ce mafi wuyar koyo. Richard Bischoff ya yi amfani da ita a tsokar tafin ƙafar gafiyar gwaji a 1986, ɗakin gwajin Terence Partridge a Landan kuma ya daidaita ta ga ɓera a 1995. Manufa ita ce a fito da zaren tsoka ɗungurungum, da ransa, da 'yan rakiyarsa a inda Allah ya ajiye su ƙarƙashin tantani.

Tsokar da aka fi amfani da ita wata siririya ce a gaban ƙwauri mai suna EDL, saboda tana da jijiya a kowane ƙarshe. Dole ka ciro ta daga jijiya zuwa jijiya, ba ka yanki naman ba, ba ka ja shi ba. Ka sa ta a kolajines mai kashi 0.2 na awa ɗaya ko fiye kaɗan, har ka ga gefenta ya fara sakin gashi-gashi. Sai ka mai da ita farantin da aka shafa wa ruwan jinin doki don kada zare ya manne, ka ɗauki bututun gilashi mai faɗin baki wanda ka goge bakinsa da wuta, ka riƙa watsa mata ruwa a hankali. Zarurrukan za su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen zare dogo ne, miƙaƙƙe, garau kamar silin gilashi. Wanda ya ji rauni kuwa nan take yake ƙanƙancewa ya dunƙule ya yi fari, ba ya dawowa. Sanyi ma yana kashe su, don haka ba a barin faranti a waje fiye da minti goma ba a mai da shi akwatin ɗumi ba. A makonnin farko yawancin zarurrukanka za su mutu. Haka kowa ya fara, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Me za ka samu? Abin da sauran hanyoyi ba sa bayarwa. In ka kafe zaren nan take ka rina shi, za ka ƙirga 'yan rakiya nawa ke kan kowane zare, 'yan ƙalilan ne a EDL ɗin babban ɓera, ka kwatanta tsoho da yaro, ko mai ciwo da lafiyayye. In ka bar shi yana yawo a ruwan reno, bayan kwana ɗaya za ka ga MyoD ya bayyana tare da Pax7, wajen kwana biyu su yi rabuwar farko, a kwana na uku kuma ka tarar da 'yan tsibi a jikin zare, wasu sun kama hanyar zama tsoka, wasu sun ajiye MyoD suna shirin komawa barci. Kana kallon yanke shawarar ƙwaya da idonka. A 2005 Charlotte Collins da abokan aikinta suka dasa zare guda mai 'yan rakiya bakwai kacal a tsokar wani ɓera, ya samar da sababbin zarurruka sama da ɗari. Wannan ya nuna ƙarfin da ƙwayar ke da shi in ba a raba ta da gidanta ba.

Iyakarta ita ce yawa. Ba za ka samu furotin da zai ishe ka aunawa da yawa ba, aikin duk na rini ne da ƙirga a madubi mai haske kala-kala. In ba ku da irin wannan madubi, ka haƙura da ita. Ba ta kuma yiwuwa da ɗan guntun naman da aka ciro da allura daga jikin mutum, tunda an riga an datse zarurrukan.

Tantancewa da inji

Hanya mafi tsabta ita ce FACS. Bayan narka nama, ana liƙa wa ƙwayoyin antibodi masu launi, inji ya riƙa wuce da su ɗaya-ɗaya gaban hasken leza yana jefa kowace a kwalbarta. A ɓera ana zubar da masu alamar CD45, wato na jini, da masu CD31 na hanyoyin jini, da masu Sca1 waɗanda suka haɗa da magabatan kitse da faibirobilas, sannan a zaɓi masu VCAM1, ko masu intagirin alfa-7 da CD34. Cikin yini guda kana da ƙwayoyin da tsabtarsu ta haura kashi 90, ba tare da sun kwana a roba ba.

Wannan rashin kwana a roba shi ne ya sa ake ɗaukar wahalar. A 2005 Didier Montarras da abokansa a Cibiyar Pasteur ta Faris suka nuna cewa ƙwayoyin da aka dasa da zarar an ciro su sun fi gyara tsoka nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka fara hayayyafawa a faranti. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da ya faru a farkon shekarun 1990, lokacin da aka yi wa yara masu ciwon shanyewar tsoka na Duchenne allurar miliyoyin mayobilas da aka rena, sakamakon bai kai abin da aka sa rai ba. A 2010 kuma Penney Gilbert a ɗakin gwajin Blau ta nuna cewa taurin roba kansa yana ɓata su: da aka rene su a kan shimfiɗa mai laushin tsoka, kilofaskal 12 a ma'aunin tauri, sun riƙe ƙarfinsu fiye da na kan roba. Don haka in aikinka dashe ne a jikin dabba, ko karanta saƙonnin gado na ƙwayar da ba ta daɗe da barin jiki ba, FACS ce hanyarka.

Ko ita ma tana da nata aibi. A 2017 ƙungiyoyin bincike daban-daban suka gano cewa awannin da ake ɗauka ana narka nama a ɗumi sun isa su fara tada ƙwayar daga barci, har wasu saƙonnin gaggawa irin su Fos da Jun su hau sama. Masu son ganin ainihin halin barci yanzu sukan kafe tsokar da sinadari tun kafin su narka ta. Ga tsadar inji da antibodi huɗu ko biyar, ga buƙatar ƙwararren mai sarrafawa, kuma abin da ɓera ɗaya zai ba ka bai kai ƙwaya miliyan ɗaya ba.

Tsakanin FACS da sauya faranti akwai hanyar maganaɗisu, wadda kamfanin Miltenyi na Jamus ya yi fice da ita. Ana liƙa wa ƙwayoyi ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a wuce da su ta bututun da ke jikin maganaɗisu. Tsabtarta ba ta kai ta FACS ba, amma ba ta cin wuta, tana ƙarewa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma ba ta jigata ƙwaya. Ga mai aiki da naman mutum, inda ake ciro ɗan abin da bai wuce ƙwayar wake ba daga cinya da allurar Bergström bayan izinin majiyyaci da na kwamitin ɗa'a, zaɓen masu alamar CD56 da maganaɗisu shi ne abin da aka fi yi. Ka tuna ƙwayoyin mutum suna da iyakar rabuwa, don haka ka daskarar da su tun a dashe na biyu ko na uku.

In ba ɓera ne damuwarka ba

Masu karatun kiwon dabbobi suna da wata tambayar. C2C12 ba zai gaya maka komai game da bambancin tsokar Bunaji da ta Bokoloji ba, ko ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Dole ka je kwata da sassafe da kwalbar ruwan gishiri mai sanyi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka karɓi nama da zarar an yanka, ka yanko daga can ciki inda wuƙar mahauci da ƙasa ba su taɓa ba. Kada nisan hanya ya tsorata ka: 'yan rakiya suna da juriya, har wani bincike na Cibiyar Pasteur a 2012 ya same su da rai a tsokar mutum kwana 17 bayan rasuwa. Abin tsoro shi ne ƙazanta. Da irin waɗannan ƙwayoyi na saniya Mark Post na Jami'ar Maastricht ya yi naman da aka soya a bainar jama'a a Landan cikin Agustan 2013. A nan narka nama da sauya faranti ita ce mafita, domin antibodin da aka yi don ɓera da yawa ba sa kama na saniya.

Sai kuma hanyar da nake ganin an yi watsi da ita ba bisa haƙƙi ba: tayin kaza. Da shi Irwin Konigsberg da Stephen Hauschka suka yi ayyukan da suka kafa wannan fanni a shekarun 1960, har suka gano cewa kolajin ne shimfiɗar da ƙwayar tsoka ke so. Ƙwai mai zakara da ya kwana 11 ko 12 a injin ƙyanƙyasa, ka fasa, ka ɗebi tsokar ƙirji, 'yar tirifsin kaɗan ta isa ta warware ta. Ƙwayoyin suna da yawa, suna haɗewa da kansu cikin kwana biyu zuwa uku, suna motsi sosai. Akan ƙara wa ruwan renonsu ruwan da aka tatsa daga tayin kaza, shi ma kai za ka iya tatsarsa daga sauran ƙwan. Antibodi biyu da aka fi amfani da su a fannin, MF20 na mayosin, furotin ɗin da ke motsa tsoka, da kuma na Pax7, waɗanda ma'ajiyar Jami'ar Iowa ke rabawa da rahusa, asalinsu ma da furotin ɗin kaza aka yi su. Ga malamin da ke son ɗalibansa su ga tsoka tana ginuwa da idonsu, a ɗakin gwajin da ba shi da gidan ɓeraye, ban san abin da ya fi wannan ba.

Duk hanyar da ka ɗauka, ka zauna da mai kula da ɗakin gwajinku ku yi lissafin wuta kafin ka yi odar komai, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwatin ɗumi yana son digiri 37 da iskar kabon kashi 5 dare da rana. In wuta ta ɗauke na awa biyu ko uku kuma ba a buɗe ƙofa ba, yawanci ƙwayoyi suna tsira, amma kwana guda ba janareta ba sola ya isa ya kashe aikin wata. A irin wannan yanayi hanyoyin da ke ƙarewa cikin kwana uku zuwa biyar, wato zare ɗaya da tayin kaza, sun fi aminci a kan wadda ke buƙatar mako uku a jere. C2C12 kuma amfaninsa yana rataye ne da ajiya: ana daskarar da shi a ruwa mai kashi 10 na DMSO, sinadarin da ke kare ƙwaya daga ɓarnar ƙanƙara, ya kwana a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, sannan a mai da shi tulun ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifiri. In ba ku da tabbacin cika tulun a kan kari, ka raba kwalabenka gida biyu ka kai rabi wani ɗakin gwajin. In kuma a hannun aboki ka karɓo ƙwayoyin, ka gwada su don maikofilazma, wata 'yar ƙaramar ƙwayar cuta, kafin su shiga akwati ɗaya da na kowa, domin wannan cuta ba ta gurɓata ruwa balle ka gani, fenisilin ba ya kashe ta, kuma tana rage haɗewar mayobilas ba tare da ka san dalili ba.